Kwamin Albasa a Bakin Hanya

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sababbin sojoji, bakin gonata sai ya koma kamar tasha. Samarin Bunkure su zo da wayoyinsu a hannu, wasu har daga Kura da Garun Malam, su jeru a kan kunya su hana ni ban ruwa. Wannan ya ce, "Baba Saje, a duba mini takarduna." Wancan ya ce, "Baba Saje, a ba mu labarin lambar nan mana." Lambar da suke nufi ita ce ta jarumtaka da aka maƙala mini a ƙirji lokacin da muke yaƙi a arewa maso gabas. A tunaninsu aikin soja kaki ne da baƙin gilashi da hoton da za a ɗora a waya. Wani dogo a cikinsu, wanda ko buhun taki ba ya iya ɗagawa shi kaɗai, har cewa ya yi, "Ai Baba abin ba wuya, gudu ne kawai da harbi."

Na daɗe ina ba ku rabin labarin, ku samarin nan. Rabin da nake ba ku ba ƙarya ba ne, amma ɗaya rabin da nake haɗiyewa shi ne ya hana ni haɗa ido da wata mata a Kura har shekara tara. Sunanta Rifkatu, matar abokin aikina Bitrus. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauke ni mutumin da ya sadaukar da ransa don ya ceci mijinta, ba ta san da hannuna a mutuwarsa ba. To yau ku gyara zama ku ji duka. Amma sai na fara gaya muku yadda aikin yake, don in ba ku san aikin ba, ba za ku gane girman abin da na yi ba.

Ni dai a duk shekaruna na soja, harsashin da na harba bai cika kwanon awo ba. Aikina tafiya ne. In ayarin motoci zai bi hanyar da ake zargin an binne nakiya, ni ake saukewa in wuce gaba a ƙasa, motocin su biyo ni a hankali. Kayan aikina ba su da yawa: na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe a cikin ƙasa, da tsinken ƙarfe mai tsawon kamu guda, da ɗan buroshi irin na masu fenti, da farin ƙyalle na yin alama. Sai rigar sulke da hular kwano, waɗanda a irin wannan aiki, in za a faɗi gaskiya, babban amfaninsu shi ne a samu abin da za a gane ka da shi. Ita na'urar kuwa uwar surutu ce. Ta yi kuka a kan tsohuwar ƙusa, ta yi kuka a kan murfin lemo, sannan ta ja bakinta ta yi shiru a kan abin da zai hallaka mutum goma, domin masu binnewar sun koyi haɗa abinsu da katako da roba. Saboda haka babban kayan aikin ido ne.

Idon ne ma ya jawo mini aikin. Muna cikin horo aka kai mu wani fili aka jera mu, mu wajen talatin. Wani tsohon soja Babarbare, Oga Modu, mai yatsu takwas a hannu biyu, ya ce ya binne abubuwa a filin, kowa ya nuna inda yake zato. 'Yan birni suka yi ta zazzare ido. Ni kuwa ban ga wani abin wahala ba. Na ce, "Nan an tona, nan ma an tona, can kuma jiya aka tona aka yayyafa ruwa don ƙasar ta kwanta." Ya zo ya tsaya a gabana har ina jin warin goron bakinsa.

"Kai ɗan ina ne?"

"Bunkure, Oga."

"Me tsohonka yake yi?"

"Noman rani, Oga."

"Na ga alama. To daga yau ka daina murna, ka zama nawa."

Wata shida na yi a hannunsa, gwiwoyina suka yi kanta. Yakan sa ka kwanta rub da ciki a rana tun daga hantsi har azahar kana soka tsinke a ƙasa taƙi bayan taƙi, a karkace, ba a miƙe ba. In hannunka ya miƙe ko da kaɗan, sai ka ji sandarsa a kan hular kwanonka, ƙwal, ya ce, "Ka mutu. Tashi ka je ka gaya wa uwarka." A rana ɗaya na taɓa mutuwa sau bakwai. Dokarsa ɗaya ce, yana maimaita ta har ta gundure mu: duk inda taya za ta iya takawa naka ne, inda ba ka zaton za ta taka shi ma naka ne, kuma ba ruwanka da ko wurin na wane ne. Wata rana muka tarar da ɗan masallacin matafiya a gefen hanya, irin wanda ake kewayewa da duwatsu. Na tsaya ina jan ƙafa, ban son shiga da takalmi da na'ura. Ya daka mini tsawa ya ce, "Shiga! Allah ya san abin da kake nema a ciki." Na shiga na share shi tas. Ina gaya muku wannan ne don kada wani ya ce ba a koya mini ba. An koya mini.

Nakiyar farko da na tono da hannuna tana kan wata hanyar burji ce da ke zuwa wani garin masunta. Na'ura ba ta ce uffan ba. Abin da na gani sawun taya ne mai kyau, shimfiɗe a kan ƙasa, sai dai bai danne tsakuwa ba. Taya mai ɗauke da mota tana nutsar da tsakuwa, wannan kuwa mirgina ta aka yi da hannu don a ɓatar da wurin da aka tona. Na ɗaga hannu, motoci suka tsaya. Na kwanta na fara share ƙasar da buroshi kaɗan-kaɗan. Wani cinnaka ya shiga wuyan rigata ya kama aikinsa, ban isa in sosa ba. Gumi yana shiga idona ina ƙiftawa. Sai da na kusa cin awa guda kafin bakin katakon ya bayyana. Da aka gama, aka fasa ta daga nesa. Oga Modu bai yabe ni ba. Ya dai ɓare goro ya miƙo mini ɓari ɗaya, ya ce in yi sauri akwai sauran hanya.

Kowace sana'a da masu zuwa wurinta. Nawa direbobi ne. Su ne suke ɗora tayarsu a kan sawun ƙafata, su ne suke kallon bayana daga safe har yamma suna karanta yadda nake tafiya. In na rage sauri, zuciyarsu ta tsinke. Bayan motocinmu kuma akwai talakawa da ke jira mu buɗe hanya su biyo, masu kifi da masu itace da mata masu goyo. Wata tsohuwa ta taɓa kamo hannuna ta zuba mini dafaffiyar gyaɗa, ba ta jin Hausa ni ba na jin yarenta, muka yi ta gyaɗa wa juna kai.

A cikin direbobin nan Bitrus ne nawa. Mutumin tsaunukan Filato ne, gajere mai faɗin ƙirji, shi ke jan babbar motar da ke ɗauke da abinci da ruwa. Kullum kafin in sauka sai ya leƙo ta taga ya ce, "Lawan, ka duba mini da kyau fa. Rifkatu ta ce in dawo mata da ƙafafuna biyu, in ba haka ba kada in dawo." In na ce masa, "Ai ko da biyun ba wani tsawo ne da kai ba," sai ya yi dariya har ya buga sitiyari. Da azumi shi yake ɓoye mini ruwan sanyi a ƙarƙashin kujerarsa har a sha ruwa. Ya san ni da maganar gona, don na ishe shi da labarin tumatirin Kadawa da shinkafar Kura. Shi kuma ya ishe ni da dankalin garinsu. Mun sha yin gardama a kan wanne ya fi wuyar noma, ba mu taɓa gamawa ba.

Sai mummunar shekarar ta zo. Abokan gaba suka koma binne nakiya kamar masu shuka, hanyar da ka share yau gobe an sake cika ta. Batirin na'ura ya yi wuya. Mu shida ne masu wannan aiki a rundunarmu, kafin rani ya raba muka koma biyu. Oga Modu ma wata nakiya ta tashi da shi, ya tsira da rai amma ya bar ƙafa ɗaya a can, aka wuce da shi asibiti. Na wayi gari ni ne babba, ba mai buga mini sanda a hula. Kullum tafiya, kullum rana, garuruwa duk an watse an bar su. Wata da watanni ban ga ɗanyen ganye ba, sai ƙaya da toka.

Kafin in kai ku ranar, sai kun san wani abu game da gidanmu. Ina ɗan shekara bakwai na bi wata fara da gudu na ratsa ta cikin kwamin albasar maƙwabcinmu, wanda aka dasa a jiyan. Ku 'yan nan kun san kwami, ɗan fangalin da ake tare wa ruwa a dasa iri a ciki. Babana bai dake ni ba, da ma dukana ya yi da ya fi sauƙi. Kunnena ya kama ya kai ni gaban mai gonar, ya sa na tsugunna na tayar da kowane ɗan dashe da na kwantar, ɗaya bayan ɗaya, mutane suna wucewa suna kallo. Ya ce, "A gidan nan ba a taka dashen mutum. Ko wuta ce ta biyo ka, ka bi ta kan kunya." Tun daga ranar ƙafata ta haddace. Har yau in na zo kusa da dashe, kafin in yi tunani ta riga ta kauce. Ku ma haka kuke, na sha ganinku kuna tsalle-tsalle a kan kunya da takalmanku masu tsada.

Ranar da abin ya faru hantsi ya ɗaga sosai, rana ta fara cizo. Muka iso bakin wani ƙauye da aka daɗe da watsewa. A daidai nan zaizayar ruwa ta cinye hanya ta hannun hagu ta bar kwari mai zurfi, dole mota ta matsa dama. A daman kuma, dab da bakin hanya, sai ga kwami guda ɗaya, girmansa bai fi tabarma ba. An dasa albasa a ciki, layi-layi, koriya shar, ƙasar a jiƙe. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, mutane sun fara dawowa, ga wani bawan Allah har ya yi dashe. Na share hanyar har zuwa bakin kwamin. Da na zo kansa sai na ɗaga na'urar sama don kada ta kwantar da lawashin, ƙafata kuma ta zagaye da kanta. Ban soka tsinke ba. Na ma ciro farin ƙyalle na kafa a gefensa, ba alamar haɗari ba, don dai direbobi su gani kada su ɓata wa mutum aikinsa. Na yi musu hannu su matse su wuce.

Ƙananan motoci biyu suka wuce lafiya. Ni kuma na yi gaba, taku kamar talatin, sai wata tambaya ta faɗo mini: ruwan daga ina? Ba rijiya a wurin, ba kududdufi, ba hanyar ruwa, ba sawun mai ɗauko shi. Kwami ɗaya tak a tsakiyar fako. Kuma wane manomi ne yake dashe da hantsi a tsakiyar zafi? Dashe da yamma ake yi. Ga lawashin ko yaushi bai yi ba, ke nan ba a fi awa guda da soka shi ba. Yaro ɗan shekara goma a Kadawa zai gane wannan. Ni da aka ɗauka aikin saboda na san ƙasa, ni ne ban gane ba, domin abin ya yi kama da gida.

Na juya na ɗaga hannu ina ihu. Motar Bitrus ce ta uku, ta riga ta shiga matsatsin. Ina ganinsa ta gilashi yana kokawa da sitiyari, yana ƙoƙarin kauce wa kwamin, ga kwari a hagunsa. Tayar gaba ta wuce. Ta baya ta hau.

Ban ji ƙarar ba, sai dai na tsinci kaina a ƙasa bakina cike da turɓaya. Kafin in miƙe harbi ya ɓarke daga cikin kangayen ƙauyen, ashe kwanton ɓauna suka yi mana. Kowa ya nemi inda zai fake. Ni kuwa na tashi na ruga wurin motar a tsaye, ko sunkuyawa ban yi ba. Wannan gudun shi ne aka rubuta a takarda aka kira shi jarumtaka. To ku ji daga bakina: ba jarumtaka ba ce. Na san abin da na yi, kuma a lokacin na fi son harsashi ya same ni da in tsaya in kalli motar nan tana ci da wuta. Harsashin ne ya ƙi ni. Na jawo mutum biyu daga bayan motar na kai su cikin kwarin, na koma na fasa ƙofa na ciro Bitrus na saɓa shi a kafaɗa. Ƙafafunsa ba abin da zan kwatanta muku ba ne.

Da na kwantar da shi a cikin kwarin ina ɗaure masa cinya, sai ya buɗe ido ya gane ni. Ya kama rigata ya ce, "Lawan, na taka maka albasar. Yi haƙuri, motar ce ta yi faɗi." Bai sake magana ba. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Da ƙura ta lafa, kyaftin ɗinmu ya zo da takarda yana tambaya. Ya dubi ramin ya ce, "A wajen hanya aka binne ta, ko?" Na ce, "E, Oga, a wajen hanya." Ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba. Kwamin ya riga ya tashi sama, farin ƙyallen ya ƙone, direbobin farko ba su ga komai ba sai ɗan ganye a gefen hanya. Ya dafa kafaɗata ya ce zai tura sunana sama. Da na buɗe baki a lokacin, da jimla biyu sun isa. Na yi shiru saboda tsoron kada a ce ɗan manomin nan da ake taƙama da idonsa albasa ce ta yaudare shi.

Bayan wasu watanni aka yi fareti a bariki. An goge takalma, ana busa ana kiɗa, aka kira sunana a lasifika, wani babban hafsa ya maƙala mini lambar ya ƙara mini igiya na zama Saje. Ina ƙame a tsaye, amma ji nake kamar a tsirara nake a tsakiyar kasuwa. A cikin rumfar da aka zaunar da matan waɗanda suka rasu akwai Rifkatu, da ɗanta Yohanna a gefenta. Da aka tashi ta ratso mutane ta zo gabana, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Saje, an gaya mini a kafaɗarka ka ɗauko shi. Ba ka bar shi wuta ta cinye ba. Allah ya sāka maka." Na ce, "Amin." Abin da na iya cewa ke nan, kuma kunyar wannan amin ɗin ba ta sake ni ba.

Da na yi ritaya na dawo gonar gidanmu, ina tumatir da rani, shinkafa da damina. Albasa kam ban sake dasawa ba, mutane suka ɗauka ko farashinta ne bai yi mini ba. Ita kuma Rifkatu ashe tana da 'yan'uwa da suka daɗe suna noma a Kura, sai ta taso ta dawo wurinsu ta kama sana'ar turara shinkafa. Kun ga an kawo mini ita har gida. In muka haɗu a kasuwa, sai ta ajiye kayanta ta durƙusa a gaban jama'a, mace mai furfura, ta ce, "Sannu Baba Saje." Da Kirsimeti ta aiko da dankali da acca. Da Sallah ta zo da kanta ta gaida iyalina. Na koyi hango ta daga nesa in shige layin masu taki. Ni da na yi shekaru ina tunkarar nakiya, na koma ina gudun mace mai tallar shinkafa.

Bara, da aka buɗe ɗaukar sojoji, ta zo gonar nan da Yohanna. Ya zama cikakken saurayi, faɗin ƙirjin ubansa sak. Ta ce, "Baba Saje, yaron nan ya nace sai soja. Na yi kuka na gaji. Tunda ya ƙi ji, na kawo maka shi ka koya masa irin idonka. In ya samu ido irin naka wanda ba ya kuskure, hankalina zai kwanta."

Na ce ta ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan ban iya cin tuwo ba. Abin da na gani shi ne, in na karɓi yaron nan a kan wannan magana, na binne wani abu a hanyarsa shi ma.

Rana ta uku da safe na hau babur na tafi Kura. Na same ta a bayan gida wurin aikinta, ganguna biyu a kan wuta, tururi yana tashi, ga shinkafa an baza a kan leda tana shan rana. Tana ganina ta saki matonin wuta za ta durƙusa. Na ce, "Maman Yohanna, don Allah kada ki durƙusa. Tsaya ki ji abin da ya kawo ni." Na gaya mata komai, a tsaye, ban rage ko ɗaya ba: kwamin, da na'urar da na ɗaga, da ƙyallen da na kafa, da abin da na ce wa kyaftin. Har maganar ƙarshe ta Bitrus na gaya mata, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wuta ta ci itace har ya zubo waje, Rifkatu ba ta tura shi ba.

"Albasa," in ji ta.

"Albasa."

"Don kada ka taka albasar wani."

"Haka ne."

"Shi kuma har haƙuri ya ba ka." Ta share fuska da gefen zani. "Haka yake. Ko kaza ya buge a hanya sai ya tsaya neman mai ita." Sai ta dube ni, irin kallon da na shekara tara ina gudu. "Kuskuren ban riƙe ka da shi ba, Saje, yaƙi ne. Amma shekara tara ina zubar da gwiwata a ƙasa a gabanka, a gaban mutane, kana kallo. Sau nawa ka ce in tashi?"

Ko sau ɗaya ban taɓa cewa ba sai ranar.

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba," ta ce. "Wannan tsakanina da Ubangijina ne, zan yi ta fama. Yohanna dai zai zo gonarka. Ba ni zan gaya masa ba, kai za ka gaya masa da bakinka. Sannan ka koya masa. Daga wannan wurin za ka fara."

Da yammar ranar na je wurin maƙwabcina na roƙi irin albasa dami ɗaya. Ya yi ta mamaki yana tsokanata, wai Saje ya tuba. Na ja kwami a bakin hanyar gonata, na dasa da hannuna layi-layi, na ba shi ruwa, na binne tsohon gwangwani a tsakiya. Washegari Yohanna ya zo. Na zaunar da shi a kan kunya na gaya masa yadda ubansa ya mutu. Bai yi kuka ba, bai kuma zage ni ba, jijiyar wuyansa ce kawai take motsi. Da na gama na miƙa masa tsinken ƙarfe na nuna masa kwamin na ce ya bincika.

Ya je har bakinsa ya tsaya. A Kura ya girma, cikin manoma. Na ga ƙafarsa ta kauce da kanta. Ya juyo ya ce, "Ai dashe ne."

Na ce, "Na sani. Ni na dasa. Tone shi."

Ya durƙusa ya fara. Ina tsaye a kansa har ya tumɓuke na ƙarshe ya ciro gwangwanin. Wata uku yana zuwa, kuma ya fi ni ido. Yanzu haka yana can wurin horo. Bai sake kirana Baba ba, Saje kawai yake cewa, ni kuma ban ga laifinsa ba.

Rifkatu kuwa na daina shiga layin masu taki in na hango ta. Makon jiya ma mun haɗu a kasuwar Kura, tana ɗauke da buhu a ka. Ta ce, "Sannu Saje." Na ce, "Sannu Maman Yohanna, ya aiki?" Ta ce, "Da godiya." A tsaye ta faɗa, tana kallon idona, sannan ta wuce.